Ke Ma Sannu

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Anti Cordelia ba za ta dawo aji ba sai ta haihu. Likita ya ce jininta ya hau, dole ta kwanta. Yau Hajiya Safiyyatu, mai makarantar da nake aiki a Arawa, ta kira ni ofis ta ce ni zan riƙa yin zaman safe da yaran nazare na biyu. Malamin aji ɗaya zai riƙa shigowa daga baya yana yi musu darasi. Na ce, "Hajiya, ni fa mai raino ce. Aikina share majina da kai yara bayi da buɗe kulolin abinci." Ta ce, "Iklima, tun yaushe kike zaune bayan Cordelia kina kallo? Ko kyanwa ce da ta koya." Na yi dariya don ita ma ta yi.

Zaman safe shi ake fara yi kullum. A shimfiɗa tabarmi, yara su zauna su yi zobe, malama ma ta zauna a ƙasa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta kama hannun yaro, ta dubi idonsa, ta kira sunansa ta gaishe shi. Sai a zaga da ludayin duma: wanda yake riƙe da shi shi ke da magana, ya faɗi labarin da ya zo da shi daga gida, ba mai katse shi, ko malama. Sai waƙa. Sai a karanta saƙon da malama ta rubuta a allo.

Allon ne ya hana ni cin abincin rana. Ni da sai bayan na haihu na shiga ajin manya a nan Pantami. In ba mai kallona rubutuna yana tafiya daidai. In ana kallo, hannuna sai ya zama na wata.

'Yata ta fari tana cikin ajin. Ƙaninta Aƙilu yana ɗakin jarirai. Babansu direban keke mai ƙafa uku ne, amma yanzu ba ya gida.

Kekensa yana nan a zaure. Na ƙara ɗaure tamfol ɗin saboda hadari.

Talata, 6 ga Mayu, da azahar

Na je da sassafe na rubuta saƙon kafin kowa ya zo. Ya ɗan karkace amma ya karantu.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne gaisuwa. Na fara lafiya. Ikechi, Mmesoma, Danny, Olaedo. Kowa na kama hannunsa, wasu su amsa da Turanci, wasu da yaren gidansu, yadda Anti ta saba musu. Sai na iso kan 'yata. Ta riga ta miƙo hannu, tana murmushin nan da haƙorinta guda da ya fita.

Mu ba ma kiran sunan ɗan fari. Uwa ba ta kama hannunsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta tsayawa ta dubi idonsa. Innata semtende take ce wa abin, wato kunya. Tun da aka raɗa wa yarinyar nan suna bai taɓa fita daga bakina ba. A gida "ke" nake cewa, ta kuma san da ita nake.

Na dubi taga na ce, "Ke ma sannu." Na wuce wurin Yuguda.

Ikechi ya ce, "Anti Iklima, kin manta sunanta? Ni na sani fa!" Ya faɗa da ƙarfi. Aka yi dariya. Na ce a ɗauko ludayi.

Danny ya ce akuyarsu ta cinye safar babansa ƙafa ɗaya. Mmesoma ta ce mamanta ta yi faɗa da mai kawo taliya shago. Yuguda ya riƙe ludayin da hannu biyu kamar liman ya ce, "Jiya mun ci tuwo." Kullum labarinsa kenan. Ita kuma ta ce ta ga ƙadangare mai jan kai. Gajere ne, amma ta faɗa.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Na sake cewa ke ma sannu. Ta miƙo hannu, sannan ta mayar da shi cikin cinyarta.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Bappayo ya zo ya karɓi kular abinci zai kai can, inda ake tsare da babansu. Yayan maigidana ne. Bappayo laƙabi ne, shi ya sa nake iya faɗa. Ya dawo da kular wancan makon da kayan wanki a leda. Shuɗiyar rigar nan ta yi wa maigidan yawa yanzu, na gane daga inda ya ɗaure wuyanta da zare.

Na tambaye shi. Ya ce an sake ɗage shari'ar. Ya ce, "Yara dai ki ci gaba da ce musu ya yi tafiya. Bakin yaro ba shi da marfi, ke kuma kina aiki cikin mutane."

Na ce to.

Juma'a, 9 ga Mayu, da hantsi

Yara suna cin abinci, ina rubutu a kan gwiwata. Yau waƙar ta yi daɗi. Na fara gane cewa in na rage murya sun fi yin shiru fiye da in na ɗaga. Anti Cordelia haka take yi, ban taɓa lura dabara ce ba.

Ludayi ya zo hannunta, ta juya shi, ta miƙa wa na gaba. Anti ta ce ana barin yaro ya wuce in ba ya son magana. Ba laifi ba ne. Amma yarinyar nan da sai an roƙe ta take sakin ludayi. Labarin keke kaɗai sai ta cinye lokacin mutum uku.

Wataƙila zafi ne. Kowa ya gaji da zafin nan.

Lahadi, 11 ga Mayu, da rana

Na yi wanki. Matan gidan nan sun daina aiko 'ya'yansu ɗakina tun ranar da mutanen nan suka zo suka tafi da maigidan. Ni ma ba na barin nawa su fita tsakar gida. Muna zaune mu uku, ƙofa a saye.

Kekensa yana nan.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Na yi dabara. Na ce daga yau ba ni zan gaishe su ba, kowa zai juya ya gaishe da na kusa da shi da suna, a zaga. Haka wani zai kira ta, ni kuma bakina ya huta. Har na ji daɗin kaina.

Danny ne a gefenta. Ya juya, ya ɗaga kai ya dubi taga daidai yadda nake yi, ya ce, "Ke ma sannu."

Ajin ya fashe da dariya. Yaron bai yi da mugunta ba, kwaikwayo ne, shi ya fi kowa iya kwaikwayon mutane. Na tsawata masa na ce ya faɗi sunanta. Ya ce, "Anti, ai ke ma haka kike cewa."

Na ce a tashi a yi waƙa.

Laraba, 14 ga Mayu, da azahar

Sun mayar da shi suna. Kema. "Kema, matsa." "Kema, ba ni fensir." Ina hanawa, suna yi a waje.

Na koma gaishe su da kaina. In na iso kanta ina ɗan taɓa kafaɗarta in wuce, ba na cewa komai. Ban san wanne ya fi muni ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan magariba

Bappayo ya zauna ya sha ruwa yau, abin da bai saba ba. Na ba shi labarin zaman safe, na yi kamar abin dariya ne. Ya ji daɗi sosai. Ya ce, "Madalla, Iklima. Ashe akwai sauran masu tarbiyya. Matan yanzu sai ki ji mace tana ƙwala wa ɗan fari kira daga bakin titi kamar mai tallan manja. Shi ma ƙanen nawa na sha yi masa magana. Zaman birni ya ɓata shi."

Gaskiya ne, shi bai taɓa damuwa ba. Kullum da safe in ya share keke sai ya leƙo daga zaure ya kira ta, ya ja sunan kamar waƙa, ya ce fasinja ta ɗaya ta fito kada mota ta cika. Ni nake jin kunyar a madadinsa, in shige ɗaki.

Yabon Bappayo ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ba wanda ya ce na yi wani abu daidai.

An sake ɗagewa.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ba ta ci abincinta ba. Ta ba Olaedo.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

An yi ruwan farko na kirki, gari ya yi sanyi. Ina tsefe mata kai ina tunanin Inna.

Ni ma 'yar fari ce. A ƙauyenmu can wajen Dukku, da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni. Ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In na shigo sai ta sami abin yi a wani gefe. Amma in ta zuba mini tuwo, sai na iske man shanu a ƙarƙashi, inda ba mai gani. Ban taɓa zaton ba ta sona ba, ko rana ɗaya. To me ya sa tawa za ta yi zaton haka? Ni ma ina ɓoye mata tsokar nama a ƙasan shinkafa. Ni ma ina tashi in rufe ta.

Na tambaye ta ko kitson ya yi zafi. Ta girgiza kai. Na tambaye ta ko shuku take so ko kalaba. Ta ɗaga kafaɗa.

Aƙilu ya kifar da man kitso, na yi ta kiran sunansa ina faɗa. Da na juyo tana kallon bakina.

Litinin, 19 ga Mayu, da azahar

Yau ba ta zauna cikin zobe ba. Ta shige ƙarƙashin teburin da ake ajiye jakunkuna, ta naɗe ƙafa. Na bar gurbinta a tabarma. Yara suka matsa suka cike shi.

Yuguda ya ce jiya sun ci tuwo.

Talata, 20 ga Mayu

Ƙarƙashin tebur.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Hajiya ta tsaya a taga ta kalli zaman tun daga farko. Bayan an tashi ta kira ni.

Ta ce zaman yana kyau, iyaye ma sun yaba. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Amma 'yarki. Malamin darasi ya ce ko an tambaye ta ba ta amsawa. Na san al'adar, ni ma a cikinta na tashi, ba zan ce ki taka ta ba. Sai dai ba zan bar yarinya ta ƙare zango a ƙarƙashin tebur ba. In zuwa ƙarshen watan nan ba ta dawo daidai ba, zan mayar da ita nazare na ɗaya, inda ba ke ce a gaba ba."

Na ce, "Hajiya, ai ƙanana ne a can. Ita ta fara haɗa baƙaƙe."

Ta ce, "Na sani. To ke za ki koma ɗakin jarirai? Ba ni da wata mai yin zaman."

Ta ce, "Ya maigidan?" Na ce muna addu'a.

In aka mayar da ita baya za ta ɗauka korar ta na yi. Wannan na sani, ko ba a gaya mini ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan magariba

Na yi ta gwada faɗin sunanta a bayi, ni kaɗai, bakina a rufe da hannu. Harafin farko yana fitowa. Saura sai in ji kamar Inna tana tsaye a bayana da ƙwarya.

Bappayo ya karɓi kula bai zauna ba.

A gida ma ta daina magana. Nuni take yi.

Asabar, 24 ga Mayu, da yamma

Na bar yara wurin matar Bappayo na hau keke zuwa unguwar Federal Low-Cost duba Anti Cordelia. Ban son hawa keke yanzu. Ina kallon bayan kan direba har muka isa.

Tana kwance a doguwar kujera, ƙafafu sun kumbura, an tara mata matasai. Tana ganina ta ce, "A'a, Hedimasta da kanta! Nnabuike, kawo wa Hedimasta lemo mai sanyi." Mijinta ya kawo, ya gaishe ni ya fita.

Ta ce, "Fara gaya mini abu mafi muhimmanci. Su Yuguda sun canja abinci?"

Na ce har yanzu tuwo. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Sai na gaya mata komai na aji. Na gida ban faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba, ko da yake na ga ta sani. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "A Gombe aka haife ni, Iklima. Maƙwabciyarmu har ta rasu 'wancan' take ce wa ɗanta, shi kuwa har da furfura. Da muna yara mun zaci bashi ya ci mata."

Na ce, "To ya zan yi?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ni dai ba don ado nake kiran sunaye ba. Yaro ya taso daga gida, wani an zage shi, wani bai karya ba, wani ba wanda ya kalle shi. In na kama hannunsa na kira shi, ya san yau an san ya zo. Shi kenan fa zaman safe. Ludayi da waƙa duk rakiya ce." Ta gyara matashi. "Amma ai tana da masu kiranta a gida, ko?"

Na buɗe baki zan lissafa.

Ni a ƙauye kakata tana kirana, gwaggonnina suna kirana, 'yan matan da muke tallan nono tare suna tsayawa a bakin shinge suna kirana tun kafin rana ta fito. Inna ta yi shiru ne a cikin gida mai cike da bakuna. Tawa fa? Babanta da safe a zaure. Anti Cordelia a kan tabarma. Su biyu ne. Cikin wata ɗaya duka biyun suka ɗauke, sannan yara suka sa mata Kema.

Anti ta ce, "Iklima, lemonki zai huce." Na sha. Ban faɗa mata abin da na gano ba, amma ta riƙe hannuna da zan tafi, ta daɗe ba ta saki ba.

Litinin, 26 ga Mayu, da azahar

Na sake yin dabara. Ban san me ya sa ba na gajiya da dabara ba.

Anti tana da katuna masu sunan kowane yaro. Na rubuta a allo, "Barka da safiya. Yau mai fara riƙe ludayi ita ce," na manna katinta a ƙarshe. Mmesoma ta karanta da ƙarfi. Daga ƙarƙashin tebur ta leƙo, ta dubi katin, ta dube ni. Tana jira. Na san abin da take jira. Na ce, "Olaedo, kai mata ludayi."

Ta karɓa, ta ajiye shi a kan jakar wani.

Talata, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Ba makaranta, ranar yara ce.

Da hantsi na neme ta a ɗaki ban gan ta ba. Na fito zaure, sai na ji murya daga cikin tamfol. Muryarta. Na kwana biyu ban ji ta ba.

Ta shige cikin keken ta zauna a kujerar baya. Na leƙa ta inda tamfol ya yage. Ta jera marafan kwalba a kan kujera sun yi zobe. Tana ɗaukar kowanne da yatsu biyu, tana magana da muryar Anti Cordelia. "Barka da safiya, Ikechi. Barka da safiya, Mmesoma. Danny, zauna da kyau." Ba ta tsallake kowa ba. Har Yuguda ta tambaye shi me suka ci.

Sai ta zo kan wani marfi da ya lanƙwashe. Ba ta taɓa shi ba. Ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce, da tawa muryar, "Ke ma sannu."

Ta tura shi ƙarƙashin kujerar direba.

Na koma ɗaki a hankali kada ta ji ni. Na ɗora tukunya ban sa komai a ciki ba.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Mun tashi da hadari, ba abin hawa, Bappayo ya kai mu a babur. Muna isa ruwa ya sauko, ya fake a barandar ajinmu, daidai bakin ƙofa. Na ce a raina to ba yau ba. Gobe, in ba ya nan.

Yara suka yi zobe. Ita ta shige wurinta. Na fara gaisuwa, na yi rabi, na kasa ci gaba. Na ce, "Ku tashi. Kowa ya kama bakin tabarma, mu ja ta can." Suka ja suna ihu, sun zaci wasa ne. Muka kai zoben har bakin tebur, teburin ya zama cikinmu.

Na sake farawa. Ikechi. Mmesoma. Danny. Ina jin Bappayo yana kaɗe ruwa daga hularsa a bayana. Na rarrafa na sunkuya ƙarƙashin tebur, kaina ya bugi katako. Na kama hannunta. Sanyi ƙalau. Na dubi idonta, abin da ban tuna ranar da na yi ba.

Na faɗa.

Ya fito kamar numfashi. Ikechi ya ce, "Ba mu ji ba!" Dokar Anti ce, in yaro ya yi magana ƙasa-ƙasa sai a ce masa haka. Sauran suka ɗauka, "Ba mu ji ba, Anti!"

Na sake faɗa, da ƙarfi, har da barka da safiya. Jikina duk ya yi zafi kamar na fito tsakar kasuwa ba mayafi.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Na'am, Mama." A makaranta Anti ya kamata ta ce. Ba wanda ya gyara mata.

Ba ta fito ba, amma ta matso bakin tebur, ƙafafunta a kan tabarma. Da ludayi ya iso ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Babana bai yi tafiya ba. Takalminsa na tafiya yana ƙarƙashin gado. Kekensa ma yana gida."

Bappayo yana bakin ƙofa. Amma mai ludayi ba a katse shi, ko malama. Na riƙe gwiwoyina.

Ta ce, "Ban san inda yake ba. Shi kenan labarina."

Ta miƙa wa Yuguda. Ya yi tunani ya ce, "Jiya mun ci tuwo." Ya ɗan tsaya. "Da saura. Gobe zan kawo wa Kema."

Ikechi ya ce, "Kai, ba sunanta kenan ba! Ba ka ji Anti ba?"

Muka yi waƙa. Na manta ban karanta saƙon allo ba.

Da ruwa ya tsagaita na fita baranda, kaina a ƙasa. Na ce, "Bappayo, ka yi haƙuri." Ya ɗaura hularsa, yana kallon babur. Ya ce, "Haƙurin me? Ruwan nan a kan kwano, mutum ko kansa ba ya ji." Ya tayar da babur. Sai ya kashe. Ya ce, "Gobe in zan je can, ki tambayi yarinyar ko tana da saƙo. Zan ce masa ta gane."

Hajiya ta wuce ta taga lokacin darasi, ta tsaya ta ji ana amsa tambaya, ta tafi ba ta kira ni ba.

Bayan mun ci abinci na zaunar da ita na gaya mata abin da yarinya za ta iya ɗauka. Cewa bai yi tafiya ba, gaskiyarta. Cewa yana wani wuri da ba a barinsa ya dawo tukuna, ba kuma don ba ya so ba. Ta tambaya ko ana ba shi shayi. Na ce a kula nake zuba masa.

Alhamis, 29 ga Mayu, da yamma

Yuguda ya kawo tuwon a leda. Ya sandare, amma ta ci loma biyu don kada ya ji kunya.

Na faɗa yau ma. Bai yi sauƙi ba. Ina jin ba zai taɓa yin sauƙi ba, kuma ban san me zan yi ba ranar da Inna ta zo.

Saƙon da ta ba Bappayo zane ne, keke da mutum ɗaya a baya. An sake ɗagewa.

Kekensa yana nan a zaure. Najeeba ce ta goge shi yau.